Buhu talatin da bakwai ba ɗaya: shari'ar lamba 4 294 967 297 a wani aji na Tahoua

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a ajin ƙarshe na wata lise a nan Tahoua, ajin ƴan lissafi masu shirin jarrabawar bak, cikin watan Afrilu, lokacin da gumi ke jiƙa alli tun mutum bai gama layi ɗaya a allo ba. Ni ne malaminsu. Zama huɗu muka yi a kan lamba guda, 4 294 967 297. Na rubuta yadda aka yi daki-daki, da alƙaluman gaba ɗaya, don malamin da ke son gwadawa da nasa ajin ya samu madafa, wanda ba malami ba kuma ya ɗauki bik da takarda ya biyo sawunmu. Babu mataki ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin wanda ya iya ninkawa da rabawa.

Darasin ranar a kan lambobin da nake kira gagara-rabo ne, wato waɗanda babu mai raba su daidai, ba saura, sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Littafin aji da Faransanci yake, jarrabawa ma da shi za a yi, amma na daɗe da lura cewa in na faɗi abu sau ɗaya da Hausa ya fi zama a kan yara fiye da in maimaita shi sau uku da harshen littafi. Na rubuta 2, 4, 16, 256, 65 536 a jere. Kowace a cikinsu, wadda ta gabace ta ce aka ninka da kanta. Sai na ce a ƙara wa kowace ɗaya, muka samu 3, 5, 17, 257, 65 537. Uku na farko kowa ya san su. Ta huɗu muka gwada ta nan take da 2, 3, 5, 7, 11 da 13, ta gagara. Ta biyar na ce su karɓa daga bakina, ita ma gagara-rabo ce.

Sannan na ce ga ta shida: 65 536 sau 65 536 ya ba da 4 294 967 296, a ƙara ɗaya. Ita fa? Aji ya amsa baki ɗaya cewa gagara-rabo ce. Da na nemi dalili, wani ya ce ai ƴan gida ɗaya ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban ga laifinsu ba, don mutumin da ya fara hango wannan jeri, duk da zurfinsa, haka ya ɗauka. Zan zo kansa.

Kafin a shiga gardama na sa aka karanta ta da Hausa, don lambar da ba ka iya kiran sunanta ba tsoronta kake ji. Miliyar huɗu, da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu, da dubu ɗari tara da sittin da bakwai, da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Muka mai da ita kuɗi: takardun jika goma har 429 496, da ɗoriyar 7 297. Muka mai da ita dala, yadda ake ciniki a kasuwa: dala 858 993 459, da tamma biyu a kai, waɗanda ba ka da tsabar da za ka biya su da ita. Wanda ya ce zai ƙirga ta, ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba sallah ba cin abinci, shekara 136 zai yi. Wannan tamma biyu da ta rage ita ce abu na farko da muka sani game da lambar da hujja a hannu: 5 ba ta raba ta.

Akwai wani yaro a ajin, mahaifinsa fataucin albasar Galmi yake yi, shi kuwa tun yana ƙarami yake tsaye a bakin mota yana ƙirga buhuna. Lissafin ka ba ya ba shi wuya. Shi ya ɗauki aikin. Lambar wutiri ce, ta ƙare da 7, don haka 2 ta fita. Ya tara alƙalumanta goma ya samu 59, wanda 3 ba ta rabawa. Da 7 saura 5, da 11 saura 5, da 13 saura 10. Ya ci gaba da kalkuleta har ya ƙare gagara-rabo 25 da ke ƙasa da ɗari, ya ɗago kai ya ce, "Mushe, na bi su duka har 97, babu wadda ta shige ta. Magana ta ƙare."

Wata yarinya da ke zama kusa da taga, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Mushe, mi ya sa aka tsaya ga 97? Har ina ne ya kamata a kai?" Tambayar da nake jira ke nan. In lamba ta rabu gida biyu, ɗayan gidajen ba zai wuce lambar da in an ninka ta da kanta ake samun uwar ba. Ga tamu, iyakar ita ce 65 536. Gagara-rabo da ke ƙasa da wannan iyaka 6 542 ne. Yaron ya gwada 25. In kowace rabawa minti ɗaya take ci, aikin awa 109 ne.

Ana cikin haka wani daga bayan aji ya zaro waya a ƙarƙashin tebur, ya tambaye ta, ya karanto mana: 641 sau 6 700 417. Aji ya yi tsit. Muka ninka a allo don mu tabbatar. Sau 600 ya ba da 4 020 250 200, sau 40 ya ba da 268 016 680, sau 1 ya ba da 6 700 417, jimla 4 294 967 297 cif. Barewa ta gudu, ɗanta ya yi rarrafe.

A nan darasi zai iya mutuwa, kuma na ga alamar haka a fuskokinsu: an samu amsa, sai a wuce. Ban karɓe wayar ba, ban yi faɗa ba. Cewa na yi, to, waya ta ce 641. Ita ce gagara-rabo ta 116 a jeri. Ku ɗauka babu waya, babu kalkuleta, fitila ce da tawada. Ta yaya mutum zai tsallake 115 ya dira a kanta? Babu wanda ya amsa. Na ce ashe ba mu san lambar ba tukuna, labarinta kawai muka ji.

Na ba su tarihin a taƙaice kafin a tashi. Pierre de Fermat alƙali ne a birnin Tulus na Faransa, lissafi a lokacin hutunsa yake yi. A 1640 ya rubuta wa abokinsa Frénicle cewa ya gamsu duk lambobin wannan jeri gagara-rabo ne, ya kuma faɗi gaskiya cewa bai samu cikakkiyar hujja ba. Ya rasu a 1665 ba a warware ba. A ƙarshen 1729 Christian Goldbach ya jawo hankalin wani matashi, Leonhard Euler, da ke aiki a Rasha, zuwa ga maganar. A 1732, yana ɗan shekara 25, Euler ya fito da 641. Shekara 92 ke nan zaton yana tsaye. Nakan so in gaya wa ɗalibaina cewa a wannan shekara ta 1732 ne Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta aikinsa a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje wutiri, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Mutanen biyu ba su san juna ba, aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Ina faɗa ne don kada yaro ya ɗauka wasa da lambobi sana'ar wasu ce da aka kawo mana cikin jirgi.

Zama na biyu shi ne zuciyar lamarin, kuma a nan ne zan daɗe.

Na ce yau ba za mu taɓa babbar lambar ba sam. Saura kawai za mu bi. Ku ɗauka kowane buhu albasa 641 yake ci. In kana da tarin albasa, ka cika buhunan da za su cika, abin da ya dame mu shi ne ƴan ƙwayoyin da suka rage a ƙasa. In aka ninka tarin sau nawa ne, cikakkun buhuna suna nan a matsayin cikakkun buhuna, na ƙasa ne kawai za su iya haifar da sabon saura. Don haka in za ka ninka tari da tari, ya ishe ka ka ninka saura da saura. Ɗan mai albasa ya gyaɗa kai tun ban rufe baki ba, don abin da yake yi ke nan a bakin mota ba tare da ya san yana da suna a littafi ba.

Muka fara. 2, 4, 16, 256, duk ba su cika buhu ba. Sai 256 sau 256, wato 65 536. Buhu 102 sun ci 65 382, saura 154 a ƙasa. Yanzu maimakon mu ninka 65 536 da kanta mu shiga miliyoyi, sai mu ninka 154 da kanta, mu samu 23 716. Na ce a zuba a buhu. Yawancinsu suka rubuta buhu 36, saura 640, suka tsaya suna kallona, ba su ga komai a ciki ba. Yaron nan kuwa bai rubuta ba. Ya ce, "Mushe, ai wannan buhu talatin da bakwai ne ba ɗaya."

Na ajiye alli. Buhu 37 albasa 23 717 suke ci, mu kuwa 23 716 ke hannunmu. Ƙwaya ɗaya tak ta hana buhun ƙarshe cika. Lambar da muke shari'arta kuwa mece ce? Wannan tarin ne aka ƙara masa ɗaya. Ɗayar da aka ƙara ita ce ta cike buhun, ƙasa ta zama fes. Ke nan 641 ta raba 4 294 967 297, kuma mun gani da idonmu da ninkawa biyu da rabawa biyu, babu lambar da ta wuce alƙaluma biyar a allon.

Na sha koyar da wannan babi, kuma kullum inda yara ke tuntuɓe shi ne saura mai alamar ragi. Ka rubuta musu cewa 640 daidai take da −1 a ma'aunin 641, su kwafa a kaye, su haddace, ranar jarrabawa ta zube. Alhali kakar kowannensu, in za ta ce 19, "ashirin ba ɗaya" take cewa, in 28 ce "talatin ba biyu". Bahaushe ya saba auna lamba daga inda za ta cika, ya faɗi abin da ya rage mata. Abin da littafi ke gabatarwa a matsayin sabon tunani mai wuya yana cikin bakinsu tun suna goye. Shekaru na yi ina tsallake wannan ƙofa ina neman shiga ta katanga, sai ɗalibi ne ya nuna mini ita. Daga ranar, a ajin nan ba mu sake cewa komai ba sai "ba ɗaya".

Da wannan kalma muka yi hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko gajarta. 641 tana da fuska biyu. Ta farko, 5 sau 128 ya ba da 640, wato buhu ba ɗaya. Ta biyu, 625 da 16 suka haɗu suka ba da 641, wato 625 buhu ne ba sha shida. To 625 kuwa 5 ce aka jera sau huɗu ana ninkawa, 16 kuma 2 ce sau huɗu, 128 kuma 2 ce sau bakwai. Ninka 640 da kanta har sau huɗu: ba ɗaya sau ba ɗaya yana ba da ɗaya, don haka saura 1 ne. Amma wannan ninki, in ka warware shi, 625 ne sau 2 jere 28. Sa "ba sha shida" a gurbin 625, sai 2 jere 28 ta haɗu da 2 jere 4 su zama jere 32, da "ba" a gabansu. In kishiyar abu ta bar saura ɗaya, shi abin ba ɗaya ya bari. An dawo wuri guda ta wata hanya.

Zama na uku muka koma kan tambayar da ta rage: an yarda 641 ta raba, amma wa ya ce a gwada ta?

Na fara da kasuwa. Babbar kasuwar Tahoua ranar Lahadi take ci. In mutum ya ce maka yau Lahadi, kuma bayan kwana kaza Lahadi ce za ta sake kamawa, ko bai faɗi adadin kwanakin ba ka san 7 na raba shi. Saura ma haka take zagaye. Ɗauki kowace gagara-rabo da ake zaton tana raba lambarmu, ka mai da ita girman buhu. Fara da ƙwaya ɗaya, kana ninkawa biyu a kowane taki, kana kwashe buhunan da suka cika. A taki na 32 dole ka tsaya a ba ɗaya, tunda ƙarin ɗaya ne ke cikawa. A taki na 64 ka dawo kan 1, inda ka faro. Tsawon zagayen dole ya raba 64, wato ya zama 1, 2, 4, 8, 16, 32 ko 64. Da a ce ɗaya daga cikin shida na farko ne, da taki na 32 a kan 1 zai same ka, ba a kan ba ɗaya ba. Ke nan zagayen 64 ne daidai, mako ne mai kwana 64.

Sai muka ɗauko ƙa'idar da muka riga muka karanta, wadda ake kira ƙaramar ƙa'idar Fermat: in girman buhu gagara-rabo ne wutiri, to a takin da ya yi daidai da girman buhun ba ɗaya, dole ka dawo kan 1. Haɗa biyun. Girman buhu ba ɗaya dole 64 ta raba shi. Duk gagara-rabon da zai raba lambarmu, ninkin 64 ne da ɗaya a kai. Wannan ita ce hanyar da Euler ya bayyana daga baya. Abin da ke taɓa ni a nan shi ne, ƙa'idar da ta buɗe ƙofar Fermat ne da kansa ya rubuta ta, a wata wasiƙa ga Frénicle ɗin nan, a watan Oktoba na shekarar 1640.

Muka jera su a allo: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Biyar suka faɗi tun ba a gwada su ba, don su kansu masu rabuwa ne: 65 da 385 na 5 ne, 129 da 321 da 513 na 3 ne. Suka rage 193, 257, 449, 577 da 641. Daga 6 542 an dawo gwaji na biyar. Yarinyar bakin taga ta rubuta wannan a kayenta ta ja masa layi biyu.

257 ma ba sai an gwada ta ba, kuma dalilin ya kai mu ga maƙwabta. Dala 858 993 459 ɗin nan ta ranar farko, in ka mai da ita tamma, 4 294 967 295 ce, wato lambarmu ba biyu. Ita kuwa ba kowa ba ce illa 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65 537, ƴan gidan nan biyar a ninke. Tunda kowannensu na raba ta, to in aka ƙara biyu kowannensu zai bar saura 2. Babu ɗan gidan da ke raba ɗan'uwansa. Gidaje uku ke nan a jere a layi ɗaya, halinsu ya sha bamban. Mai ƙarewa da 295 gagara-rabo biyar suka gina ta. Mai ƙarewa da 296 ba ta san kowa ba sai 2, jere 32, kuma masu raba ta 33 ne. Mai ƙarewa da 297 ita ce tamu.

Maƙwabtan nan biyu yaran sun sha karo da su ba su sani ba. Masu tura fina-finai a waya sun san akwai memori da ke ƙin karɓar fim guda in ya kai giga huɗu, ko da akwai fili. Tsarin FAT32 ne, iyakar abin da yake ɗauka a fayil ɗaya bait 4 294 967 295. Adireshin intanet na tsohon tsari kuma 4 294 967 296 ne gaba ɗaya a duniya, babban rumbunsu ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Akwai kuma zancen masanin lissafi Gauss, wanda a 1796, bai cika shekara 19 ba, ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da kamfas da rula kaɗai, saboda 17 ƴar wannan gida ce kuma gagara-rabo. A ƙa'ida, siffa mai gefe 4 294 967 295 tana zanuwa da waɗannan kayan biyu. Mai gefe 4 294 967 297 ba ta zanuwa, 641 ta hana.

Wani abu guda na nuna musu kafin a tashi, don kada su raina waɗanda suka ruɗu. In ka mai da lambarmu kanta girman buhu, ka yi mata gwajin ƙaramar ƙa'idar Fermat da ninkin biyu, tana cinyewa. A taki na 32 tana ba ɗaya, a na 64 tana kan 1, kuma 64 na raba 4 294 967 296, don haka a takin da ake dubawa a kan 1 za a same ta, kamar gagara-rabo ta gaskiya. Shigar burtu ta yi. Sai an bar 2 an gwada da ninkin 3 asirinta ke tonuwa, kuma da 3 ɗin ne ake yin gwajin wannan jeri a yau, gwajin da wani masanin lissafi, Pépin, ya fito da shi a 1877.

Zama na huɗu na cika takardar shaidarta ne. Saura mu san ko 6 700 417 tana ƙara rabuwa. Iyakar gwajinta 2 588, don 2 589 sau kanta ya wuce ta. Duk mai raba ta yana raba uwar, don haka dokar ninkin 64 da ɗaya tana kansa. Lokaci ya matse, bak na ƙaratowa, akwai babi biyu da ban taɓa ba. Sai na yanke hanya, na ce musu Édouard Lucas ya nuna a 1878 cewa ana iya matsa dokar zuwa ninkin 128 da ɗaya. Gaskiya ne, kuma ga alama a gabanmu: 641 ita ce 128 sau 5 da ɗaya, 6 700 417 kuma 128 sau 52 347 da ɗaya. Da wannan doka, in an cire 257, huɗu kawai suka rage a gwada. Da 641 saura 44. Da 769 saura 120. Da 1 153 saura 334. Da 1 409 saura 622. Na rubuta a allo cewa 6 700 417 gagara-rabo ce.

Daga nan sauran bayanan suka zubo da kansu. Lambarmu ƴar gagara-rabo biyu ce, masu raba ta huɗu ne kacal: 1, 641, 6 700 417 da ita kanta. Irin wannan gini, na manyan gagara-rabo biyu a ninke, shi ake amfani da shi a tsarin RSA wajen kulle saƙonni, sai dai can alƙaluman ɗaruruwa ne, kuma ƴar'uwarta 65 537 ce aka fi sawa a mabuɗin. Masana na da sun kasa lambobi uku bisa jimlar masu raba su, ban da su kansu. Akwai kammalalla, irin 6 da 28, wadda jimlar ke dawo da ita daidai. Akwai mai rara, irin 12, da tata jimlar ta kai 16. Akwai mai gibi. Tamu jimlarta 6 701 059, bai kai kashi ɗaya cikin 640 nata ba, gibinta ya yi zurfi ƙwarai. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya kuwa, 1 ce, sai sifili 31, sai 1, ta gaba da ta baya duk ɗaya.

Wanda ya fi burge ajin shi ne na murabba'i, wato lamba sau kanta. A fili take cewa lambarmu murabba'in 65 536 ce da murabba'in 1. Amma 641 ita ma murabba'in 25 ce da na 4, 6 700 417 kuma murabba'in 2 556 ce da na 409. Muka ninka su a gicciye. 25 sau 2 556 ya ba da 63 900, 4 sau 409 ya ba da 1 636. 25 sau 409 ya ba da 10 225, 4 sau 2 556 ya ba da 10 224. Tara biyun farko, ka debe biyun ƙarshe: 65 536 da 1, abin da muka sani. Juya, ka debe na farko ka tara na ƙarshe: 62 264 da 20 449. Murabba'insu 3 876 805 696 da 418 161 601, jimla 4 294 967 297. Gagara-rabo ba ta taɓa zama jimlar murabba'i biyu ta hanya fiye da ɗaya, don haka wannan layi kaɗai ya isa shaida cewa tana rabuwa, ko da ba a taɓa jin sunan 641 ba.

Suka tambayi ƴan gidan da ke gaba. Ta bakwai, mai alƙaluma 20, ita ma ta rabu, 274 177 na raba ta. Daga tamu har zuwa ta 33 a jerin, duk an tabbatar masu rabuwa ne, ko da yake kaɗan ne aka san duk masu raba su. Ta 34 alƙalumanta sun haura miliyar biyu da rabi, har yau ba a yanke mata hukunci ba. Tun zamanin Fermat ba a ƙara samun gagara-rabo ko ɗaya a gidan ba bayan biyar ɗin farko.

Ina tattara takarduna yarinyar bakin taga ta ɗaga hannu. Ta ce, "Mushe, ka gafarce ni. Dokar 64 mun gan ta da idonmu. Ta 128 kuwa faɗa mana ka yi, kamar yadda waya ta faɗa mana 641." Gaskiyarta ce. Hujjar Lucas tana buƙatar abin da ba ya cikin karatunsu na bana, na kuma faɗa mata haka. Na ce, ƴata, in da dokar 64 kaɗai za ki tsaya, akwai waɗanda muka tsallake, sai kin nemo su da kanki.

Ranar Litinin ta ajiye mini kayenta a tebur tun ban zauna ba. Ta jera ninkin 64 da ɗaya guda arba'in, daga 65 har 2 561, ta soke masu rabuwa ɗaya bayan ɗaya da dalilin kowace a gefe: 833 na 7 ne, 961 murabba'in 31 ce, 1 729 na 7 da 13 da 19 ne, 2 369 na 23 ne, 2 497 na 11 ne. Shida suka tsira waɗanda ba mu gwada ba, ta raba 6 700 417 da kowace da hannu, doguwar rabawa, shafi uku. Da 193 saura 36. Da 449 saura 439. Da 577 saura 293. Da 1 217 saura 832. Da 1 601 saura 232. Da 2 113 saura 94. Na zauna na bi su layi-layi da jan bik kafin in fara darasin ranar, ban samu inda zan sa shi ba.